Ɗan Barazil da ɗan Sifaniya a ƙasar waje: wa ya fi wani samun wurin zama?

Sabi'u Harlesden:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya kwana biyu yana ci mini rai, na ce bari in kawo shi gaban manya. A kicin ɗin otal ɗin da nake aiki a nan Landan, lokacin da na fara a 2019, na tarar da mutum biyu a wajen wanke-wanke: wani ɗan Barazil da wata 'yar Sifaniya. Dukansu da digiri. Shi akanta ne, a birnin Goiânia na Barazil ya yi karatu, ita kuma zanen gine-gine ta karanta a birnin Sabiya na Sifaniya. Soso ɗaya, tukwane ɗaya, albashi ɗaya. Ba ta cika shekara biyu ba ta bar mu, yanzu tana wani ofishin masu zanen gidaje. Shi har yau yana nan, da rana kuma ya hau babur yana kai wa mutane abinci. Kuma wallahi ya fi ta ƙwazo, ni shaida ne, mutumin nan ko zama ba ya yi. Da na lura sai na ga kusan haka abin yake a unguwarmu: 'yan Barazil sun cika Harlesden da Willesden da shagunan nama da na aski da babura, 'yan Sifaniya kuwa sai a ofis da asibiti. Me ya kawo haka? Harsunansu ma kusan 'yan gida ɗaya ne.

Auwalu Ɗan Madrid:
Wa alaikumus salam. Ni dai 'yan Barazil ɗin da na sani a ƙasar waje duk sun fi ƙarfin wankin kwano. Vinicius, Rodrygo, Alisson. Ka ce wa abokinka ya koyi buga ƙwallo.

Hajiya Rabi (Manchesta):
Auwalu ba ka rabo da shiririta. Sabi'u, amsarka tana cikin aljihun kowannensu: fasfo. Kafin Ingila ta gama ficewa daga Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, 'yar Sifaniya tana iya sauka yau da katin shaidarta kawai, gobe ta nemi lambar biyan haraji, jibi ta kama aiki. Ba wanda zai tambaye ta wa ya gayyato ta. In aikin bai yi mata ba ta ajiye ta nemi wani. Ɗan Barazil kuwa ana barinsa ya shigo ba biza, wata shida, amma a matsayin baƙo mai yawon buɗe ido, ba shi da izinin aiki ko na awa ɗaya. To mutumin da yake aiki a ɓoye ta yaya zai kai takardar digirinsa ofis ya ce a ɗauke shi akanta?

Na ga wannan da idona a asibiti. Wajen 2013 zuwa 2015 aka riƙa kawo mana ma'aikatan jinya daga Sifaniya, rukuni-rukuni, yara ƙanana da ba su daɗe da gama makaranta ba. Wasu Turancinsu ma da ƙyar, in tsohuwa ta yi magana da harshen mutanen arewacin Ingila sai su waiwayo su kalle ni. Amma takardarsu ta Turai ce, an amince da ita kai tsaye. Ni da na shekara tara ina aiki a gida kafin in zo, sai da na yi zaman gwaji a ƙarƙashin wata kafin a ba ni rajista. Ban riƙe su a rai ba, yaran kirki ne, sun kuma iya aiki. Ƙofar da suka shigo ta ce daban.

Sabi'u Harlesden:
Gaskiya ne Hajiya, shi ma ya faɗa mini shekarunsa huɗu na farko ba takarda. Sai da matarsa ta samo fasfon Italiya ta wajen kakan kakanta sannan suka daidaita. Amma ai yanzu yana da ita, me ya hana shi tashi?

Hajiya Rabi (Manchesta):
Shekara huɗu wasa ce? Lokacin da ya kamata ya koyi Turancin ofis ya yi kwas ɗin da za a yarda da shi a nan, yana can yana gudun kada a tambaye shi sunansa. Ka shekara huɗu ba ka taɓa aikin akanta ba, ga iyali, ga haya, wa zai ba ka lokacin komawa aji?

Dakta Nura:
Salam. Kafin a yi nisa bari in sa baki a kan alƙaluma, domin a nan ake yawan zamewa. Hukumar ƙididdiga ta Sifaniya tana da rajistar 'yan ƙasar da ke zaune a waje, kuma a farkon 2025 sun haura miliyan 3 kaɗan, a ƙasar da mutanenta ke wajen miliyan 49. Ma'aikatar harkokin wajen Barazil kuma ta ƙiyasta nata sun kusa miliyan 5, daga cikin miliyan 203 da aka ƙidaya a 2022. Amurka ce kan gaba da wajen miliyan 2, sai Fotugal, sai Faraguwe da Birtaniya da Japan, kowacce sama da 200,000.

Amma ku lura, ba abu iri ɗaya ake ƙirgawa ba. Na Sifaniya rajista ce, na Barazil ƙiyasi ne na ofisoshin jakadanci. Ƙidayar da Amurka ke yi da kanta ba ta kai ko rabin wancan miliyan 2 ɗin ba, kuma wani ɓangare na giɓin mutanen da ba sa son a ƙirga su ne. Sannan miliyan 3 ɗin nan na Sifaniya, mafi yawansu ba a Sifaniya aka haife su ba. Ƙasar da ta fi kowacce yawansu Ajantina ce, ba Faransa ko Jamus ba. Jikoki ne da 'ya'yan waɗanda suka yi hijira tun da daɗewa, dokar 2007 da ta 2022 suka buɗe musu hanyar karɓar fasfon kakanninsu. Tsoho ɗan fansho a Buenos Aires da bai taɓa taka Madrid ba, a takarda “ɗan Sifaniya mazaunin waje” ne, daidai da yarinyar da Sabi'u ya yi aiki da ita.

Ga kuma ɗaya ɓarin: matar abokinka da ta samu fasfon Italiya, duk inda ake ƙirga mutane da fasfo, 'yar Italiya ce. Wato waɗanda suka fi samun sauƙi a cikin 'yan Barazil sukan ɓace daga lissafin 'yan Barazil, a bar masu babur a fili kowa na gani.

Auwalu Ɗan Madrid:
Dakta ya zo da allo da alli. Mu 'yan bayan aji muna nan muna hamma.

Malam Habibu (Jamus):
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Sabi'u, yaro ne kai, shi ya sa ka ɗauka haka ɗan Sifaniya ya faɗo daga sama da jakar kwamfuta a kafaɗa. Bari in ba ka labarin maƙwabcina. Tsoho ne ɗan yankin Galisiya na Sifaniya, ya haura tamanin, mun shekara goma sha takwas bene ɗaya. Yana cikin waɗanda suka zo bayan yarjejeniyar ɗaukar leburori da Jamus ta Yamma ta ƙulla da Sifaniya a 1960, zamanin mulkin Janar Franco a Sifaniya. Ya nuna mini akwatin da ya zo da shi, na kwali ne mai ƙarfe a kusurwa, har yau yana saman kabad ɗinsa. Ya ce kafin a ba ka kwangila sai likita ya duba haƙoranka da ƙirjinka kamar ragon da za a saya. Ɗakin katako aka zuba su kusa da masana'anta, gado a kan gado. Wansa ya tafi Suwizalan, can ma ya fi muni: izinin wata tara ake ba ka a shekara, ba ka da ikon kawo iyali, har wasu suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a ɗaki kada maƙwabta su ji motsinsu. Sai a 2002 aka soke wannan tsarin. A shekarun nan daga 1960 zuwa 1973 mutanen Sifaniya da suka fita aikin ƙarfi a Jamus da Faransa da Suwizalan sun haura miliyan. Matansu su ne masu shara da gadin ƙofa a gidajen Faris.

To me ya canza? Abu biyu na gani. Na farko ƙasarsu ce ta tashi. Franco ya mutu a 1975, suka shiga ƙungiyar Turai a 1986, bayan 'yan shekaru aka sakar musu ƙofar aiki a ko'ina. Mutumin da jiya baƙon lebura ne ya wayi gari ɗan gida, shi bai motsa daga inda yake ba. Na biyu kuma, wannan su suka yi da hannunsu: makaranta. A nan Jamus iyayensu sun kafa ƙungiyoyi, suka haɗa su wuri ɗaya a 1973, suka dage cewa 'ya'yansu aji ɗaya za su zauna da 'ya'yan Jamusawa, ba za a ware musu ajin baƙi ba, harshen gida kuma a koya musu da yamma. Maƙwabcin nan nawa aji huɗu ya yi a ƙauyensu. 'Yarsa likitar haƙori ce, ɗansa injiniya. Ku duba Faransa ma: Anne Hidalgo da aka zaɓa magajiyar garin Faris a 2014, a kusa da birnin Kadis na Sifaniya aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin lantarki ne.

Saboda haka in za ka auna, ka sani kana auna jikan ɗan ci-rani ne da ɗan ci-ranin da ya sauka jiya. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Dakta Nura:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Tazarar lokacin nan gaskiya ce. Barazil ƙasa ce da ake zuwa, ba wadda ake bari ba, har wajen 1980. Su kansu 'yan Sifaniya dubu ɗaruruwa sun je can tsinkar kofi a gonakin São Paulo, wasu suka riƙe gidajen burodi da shaguna a birnin Salbado na Barazil. Fitar 'yan Barazil ta kankama ne da tattalin arzikinsu ya durƙushe a shekarun 1980. A 1990 Shugaba Collor ya kulle kuɗin ajiyar mutane a banki, a 1993 hauhawar farashi ta haura kashi 2,000 cikin 100. Malamai da ma'aikatan banki ne suka fara tsallakewa, ba talakan favela, wato unguwannin marasa galihu, ba, domin shi ko kuɗin jirgi ba shi da shi.

Ummi (Boston):
Salam alaikum iyayena da yayyena. Ni fa ina ganin akwai abin da ake haɗawa wanda bai kamata a haɗa ba: matsayi daban, kuɗi daban. A nan jiharmu ta Massachusetts 'yan Barazil ba sa ƙirguwa. Ka je Framingham, tsakiyar garin kusan nasu ne, gidan burodi, wajen aika kuɗi, coci-coci. Da yawa daga gari ɗaya suka fito, Governador Valadares a jihar Minas Gerais, har ana yi wa garin laƙabi da “Valadólares” saboda dalar da ake turawa. Mazan gini da fenti da gyaran lambu, matan sharar gidaje.

Kada ku raina sharar nan. Matar da ke gyara gidan da nake kula da wata tsohuwa, ita ce uwar ɗakin kanta. Tana da gidaje kusan talatin a jadawalinta, mota biyu, yara huɗu sababbin zuwa suna yi mata aiki. In mai irin wannan jadawalin za ta koma gida, sayar da jadawalin take yi wa wata, kamar yadda ake sayar da rumfa a Kantin Kwari da kwastomominta. Na rantse abin da take samu a wata ya fi na wani mai ɗaure wuya a ofis. 'Yan Sifaniyan da na haɗu da su a nan kuwa 'yan kaɗan ne, kuma kusan duk jami'a ko asibiti ko ɗakin bincike ne ya kawo su da biza a hannu. Wani yana digiri na uku yana raba ɗaki da mutum biyu. In ka tambaye ni wa ya fi daraja a idon Ba'amurke, mai bincike ne. In ka ce wa ya fi kuɗi a hannu, sai na yi tunani.

Amma matar nan shekara goma sha shida ba ta ga mahaifiyarta ba. Da mahaifiyar ta rasu, ta waya ta kalli jana'iza, domin ba ta da takarda, in ta fita ba dawowa. Ko lasisin tuƙi sai a Yulin 2023 jihar ta fara ba marasa takarda. Kafin nan kullum ta tada mota da addu'a take fita.

Hajiya Rabi (Manchesta):
Allahu akbar. Wannan na jana'iza ya taɓa ni, Ummi. Mun san masu irinsa a cikinmu.

Ɗan Damagaram (Almeriya):
Ku yi haƙuri, ni ban yarda da ku duka ba. Kuna ta kewaye-kewaye kun ƙi faɗin abin da kowa ya sani. Fata ce. Ɗan Sifaniya Bature ne, duk inda ya shiga ana ganin ɗan'uwa. Ɗan Barazil ko fari ne, da ya buɗe baki an ce ɗan Latin ne. Ni ina cikin Sifaniya shekara goma sha ɗaya, cikin rumfunan leda muke noman tumatir, na san yadda ake kallon mutum. Vinicius da Auwalu ke faɗi, da duk kuɗinsa ba a filin Balensiya aka yi masa kukan biri a 2023 ba? Sai da kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin ɗaurin wata takwas-takwas. Kuma Sabi'u, ba a garinku ba ne 'yan sanda suka harbe wani ɗan Barazil mai gyaran lantarki a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell a 2005, sun ɗauka ɗan ta'adda ne?

Sabi'u Harlesden:
Haka ne, Jean Charles de Menezes. Akwai hotonsa a jikin bangon tashar har yanzu, nakan wuce ta wurin.

Dakta Nura:
Ba wanda zai musa maka wariya, ɗan'uwa, kai ne a ciki. Amma ka amsa mini wannan: a nan Sifaniya da kake, shekara nawa ɗan Barazil yake yi da takardar zama kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, kai kuma nawa?

Ɗan Damagaram (Almeriya):
Shi biyu. Mu goma.

Dakta Nura:
To ka gani. Ko baƙi ne wuluk kamar ni da kai, in dai fasfon Barazil gare shi, biyu ce, domin dokar ta haɗa shi da ƙasashen da Sifaniya ke ɗauka danginta. Wannan ba fata ba ce, layin da aka ja ne a takarda.

Ɗan Damagaram (Almeriya):
Wa ya ja layin, Dakta? Aljanu? Mutanen da suka zauna suka ce wane dangi ne wane bare, da ido suka duba. Kuma fasfon Italiyan da kuke ta yabo, wane ɗan Barazil ne ke da kaka a Italiya? Ba farin ba? Baƙin da aka kai kakansa cikin jirgin bayi, wace ƙasa ce za ta ba shi fasfo don kakansa?

Hajiya Rabi (Manchesta):
Kai, nan kam ya kama ka Dakta.

Dakta Nura:
Ya kama ni, na sallama wannan. Takardar ma gado ce, kuma ba kowa aka bar wa ba.

Alhaji Tanko (Nima, Akara):
Tunda an taɓo jirgin bayi bari tsoho ya ce wani abu. Cikin waɗanda aka kai jihar Bahiya ta Barazil har da Hausawa, kuma sun yi bore fiye da sau ɗaya tun wajen 1807. A babban boren Musulmi na 1835 a Salbado, cikin watan azumi, Yarabawa ne suka fi yawa amma da namu a ciki. Bayan nan ne wasu suka dawo gaɓar Afirka. A Legas ana ce musu Aguda, a nan Akara Tabom, wai daga gaisuwarsu ta Fotugis “tá bom”. Gidansu na nan a Jamestown, Brazil House. Kuma da suka zo ba a ƙasa suka zauna ba, su ne gwanayen ɗinki da gini. Su ma ai 'yan Barazil ne a ƙasar waje.

Auwalu Ɗan Madrid:
Ashe shi ya sa nake jin Vinicius a jinina. Ɗan'uwa ne.

Baban Khalifa:
Allah ya ja kwana Alhaji. Ni ina da abin da zai ɗan rikita lissafin masu cewa takarda ce komai, har da masu cewa fata ce. Ina zuwa Japan sayen kayan gyaran mota, ta Nagoya nake sauka. Yankin nan da Hamamatsu cike yake da 'yan Barazil, har allunan sanarwa da Fotugis ake rubutawa. Su wane ne? Jikokin Japanawan da suka tafi Barazil ne tun jirgin farko na 1908. A 1990 Japan ta gyara dokarta ta ce su dawo su yi aiki, ta ba su biza ta halal, da iyalansu. Fuska irin ta 'yan ƙasa, suna irin nasu, takarda cas. To ina suka ƙare? A layin masana'antun kayan mota da na lantarki, ta hannun 'yan kwangila masu ba su ɗaki su kai su aiki a bas su dawo da su. Mutum ya shekara ashirin bai iya karanta takardar asibiti ba.

Sun haura 310,000 a 2007. Da tattalin arziki ya karye a 2008 su aka fara sallama. A 2009 gwamnati ta ce duk mai son komawa ga yen 300,000, kowane na ƙarƙashinsa 200,000, da sharaɗin ba zai dawo da irin wannan bizar ba sai an ga hali. Kuɗin sallama ke nan, a tafi a ba mu wuri. Wanda ke yi mini tafinta a wajen gwanjon motoci ɗansu ne, an kawo shi yana shekara tara. Ya ce ya daina zuwa makaranta yana sha huɗu, ba wanda ya zo nemansa, domin dokar tilasta karatu ba ta hau kan ɗan baƙo ba. Yana jin harshe biyu kamar ruwa, amma ba wanda ya iya rubutawa da kyau a ciki.

Malam Habibu (Jamus):
Ka ji ko? Abin da nake faɗi ke nan. Takarda tana shigar da kai gida, ba ta kai ɗanka aji. Su waɗancan iyayen na Jamus sun gane da wuri cewa maganar “shekara biyu zan yi in koma” ƙarya ce da kowane ɗan ci-rani ke yi wa kansa. Na Japan sun riƙe ta, masu masana'anta ma sun taya su riƙewa.

Ummi (Boston):
Baba Malam wannan ƙaryar ai har da mu. Ni “shekara uku” na ce wa Mama.

Jamilu (Edinbara):
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma kada a mai da 'yan Sifaniya 'yan gata gaba ɗaya. Garin nan cike yake da su, kuma da yawa a gidan abinci da otal suke har yau. A 2013 rashin aiki a ƙasarsu ya haura kashi 26 cikin 100, na matasa ya haura 55. Suna da taken da suke yi lokacin, ma'anarsa “ba tafiya muke yi ba, korar mu ake yi”, har ƙungiya suka kafa da sunan launin fasfonsu, Marea Granate. Wanda muke haya tare masanin halittun ruwa ne, shekararsa takwas yana haɗa kofi. Yarinyar da Sabi'u ya gani ta tsallake, amma ba duka suka tsallake ba. Kuma tun 2021 sabon zuwa neman aiki daga Madrid sai da biza, layi ɗaya da kowa.

Sannan ku je Faraguwe ku ga akasin labarin. Can 'yan Barazil ne masu manyan gonakin waken soya a gabashin ƙasar tun shekarun 1970, 'yan ƙasa ne ke yi musu ƙwadago, rigimar fili ba ta ƙarewa. Ga Eduardo Saverin na Facebook da Mike Krieger na Instagram, duk haihuwar São Paulo. Ya danganta da wace ƙofa ka leƙa.

Hajiya Rabi (Manchesta):
Jamilu, mai haɗa kofin nan naka, wa yake ciyarwa a gida?

Jamilu (Edinbara):
Ba kowa. Hasali ma uwarsa ce ke aiko masa da man zaitun da tsiran alade a kwali.

Hajiya Rabi (Manchesta):
To a nan gizo ke saƙar. Ni abin da na lura da shi a yaran da muka yi aiki tare, ba a bayansu ake tsaye ba, su ne ke da wurin jingina. Iyaye na da fansho, asibiti kyauta, jirgi awa biyu da rabi, wani lokaci kuɗin tikitin bai kai na takalmi ba. In ta gaji ta koma ɗakinta na ƙuruciya ta huta, kuma da yawa sun koma. Shi ya sa za ta iya barin aiki mai kuɗi ta karɓi na koyo mai ƙaramin albashi don gaba. Mafi ƙarancin albashi a Sifaniya a 2025 yuro 1,184 ne, sau goma sha huɗu a shekara. Na Barazil real 1,518 a kuɗinsu, bai kai yuro 300 ba. Wankin kwano a Landan ga 'yar Sabiya faɗuwa ce da za ta yi maza ta tashi daga ita. Ga mutumin Goiânia kuwa kuɗi ne da ko akanta ba lallai ya gani a gida ba, ga uwa ga ƙanne suna jiran ƙarshen wata. Wanda ake jira ba ya wasa da aikin da ke hannunsa. Ni ma da ban da masu jirana da tuni na koma karatu.

Ɗan Damagaram (Almeriya):
Wannan kam ba gardama, Hajiya. Ranar 28 ga wata wayata ba ta hutawa.

Sabi'u Harlesden:
Jama'a barkanmu da safiya. Jiya da dare bayan mun rufe na kasa haƙuri, na tambayi mutumin kai tsaye, na ce ba ya jin ciwo ganin wadda suka fara tare tana ofis? Dariya ya yi, ya goge hannu a jikin atamfar aikinsa ya ciro waya. Ya nuna mini bene hawa biyu a gefen Goiânia, gida huɗu a ciki, uku da 'yan haya, na huɗun mahaifiyarsa ce a ciki, har ta tsaya a baranda tana ɗaga hannu. Ya ce ita kuma har yanzu ɗaki ɗaya take haya a gidan mutum biyar, suna gaisawa a Instagram. Na ce to yaushe za ka koma ka ci arzikinka? Ya ce shekara biyu.

Malam Habibu (Jamus):
Yana da 'ya'ya?

Sabi'u Harlesden:
Namiji ɗaya, shekararsa goma sha ɗaya. Wai in an yi masa Fotugis, da Turanci yake amsawa, kuma ya ce shi hutu kawai zai riƙa zuwa. Ƙanin matar ma ya so bin sawunsu, yana cikin haɗa takardun Italiya aka canza dokar a Maris ɗin 2025, aka ce sai wanda uba ko kakansa aka haifa can, nasu kuwa kakan kaka ne. Kuɗin da ya kashe wajen fassara takardu ya tafi.

Malam Habibu (Jamus):
Ka tambaye shi wace makaranta yaron zai shiga a Satumba, kuma ko ya taɓa zuwa taron iyaye.

Sabi'u Harlesden:
Taron iyaye da yamma ake yi Malam, lokacin yana kan babur. Amma zan tambaya. Yau ƙarfe huɗu muke shiga.